Kafin a Sauke Injin Tsohuwar Peugeot 504

"Alhaji, sai an sauke injin." Babu maganar da mai tsohuwar mota yake tsoron ji a gareji kamar wannan. Da zarar bakanike ya furta ta, an san kuɗi zai fita ba kaɗan ba, mota za ta yi makonni a kan duwatsu, mai ita kuma ba shi da ta cewa domin bai ga cikin injin ba. Abin da mutane da yawa ba sa lura da shi shi ne, shi ma bakaniken bai gani ba. Wata ƙara ya ji, ko hayaƙi ya hango, ya yanke hukunci. Wani lokaci ya dace. Wani lokaci kuwa a farke lafiyayyen inji saboda wani noti da ya kwance a waje.

Na ɗauki Peugeot 504 a matsayin misali domin ita ce tsohuwar motar da muka fi sani. A 1968 ta fito a Faransa, a 1969 aka zaɓe ta motar shekara a Turai, kuma kamfanin PAN da ke Kakuri a Kaduna, wanda ya fara haɗa motoci a 1975, ya ci gaba da fitar da ita har tsakiyar shekarun 2000, fiye da shekara ashirin bayan Faransa ta daina ƙera salun ɗinta a 1983. Yau masu tara tsofaffin motoci a Turai suna nemanta ido rufe, mu kuma a nan har yanzu tana ɗaukar buhunan masara daga ƙauye zuwa kasuwa. Injinta na fetur da ya fi yawa a wurinmu mai silinda huɗu ne, girmansa ya kusa lita 2, an kwantar da shi a karkace, bulok ɗinsa na baƙin ƙarfe, kansa na alminiyom. Ba shi da kwamfuta. Motocin zamani, tun daga 1996 da Amurka ta wajabta musu kafar da ake jona na'urar bincike, su da kansu suke faɗin inda ke musu ciwo. Ita 504 ba ta da wannan. Sai dai duk abin da ya lalace a cikinta yana barin alama a waje, kuma akwai hanyoyin auna alamar nan da kayan aiki masu sauƙin kuɗi.

Da kunne ake farawa, amma kunne yana da ƙa'ida. Abu na farko da ake tambaya shi ne saurin ƙarar. Kamshaf, wanda ke buɗe bawul yana rufewa, rabin gudun karanshaf yake yi. Saboda haka ƙarar da ke fitowa daga sama, siririya, ƙyas-ƙyas-ƙyas, mai tafiya a hankali fiye da bugun injin, galibi ta tafet ce. A 504 wannan ba rauni ba ne, da sifana da sukudireba ake daidaita tazarar bawul, ba a ko cire kan injin. Ni ma har na fi tsoron injin irin wannan da ya yi tsit ɗin da ya wuce kima, domin bawul ɗin da aka ɗaure shi tamau ba ya zama daidai a mazauninsa, zafi ba ya samun hanyar fita daga jikinsa, a hankali ya ƙone.

Ƙarar da ke tayar da hankali ita ce ta ƙasa. Idan metal ɗin kwanrod ya cinye, wato ɗan siririn ƙarfen nan mai laushi da ke tsakanin kwanrod da karanshaf, za a ji ƙwas-ƙwas mai kauri, wadda ke ƙaruwa idan inji ya yi zafi baƙin mai ya tsinke, ta kuma fi fitowa a daidai lokacin da aka taka totur aka saki. Akwai tsohuwar dabarar da ke nuna silindar da abin ya shafa. Inji yana silo, a riƙa zare wayar fulogi ɗaya bayan ɗaya da filaya mai roba a hannu, don wutar tana da zafin bugu. Silindar da aka kashe wa wuta ƙarar ta ragu ko ta ɓace, nan ciwon yake, saboda an ɗauke wa metal ɗin nauyin fashewar fetur. Manyan metal da ke riƙe da karanshaf kansa ƙararsu ta fi zurfi, dum-dum, kuma sai mota ta ɗauki kaya ko tana hawan tudu take bayyana, zare wayar fulogi ɗaya ba ya kashe ta. Fistin da ya yi sako-sako a raminsa kuwa da sanyin safiya yake surutu, inji na ɗaukar zafi ƙarfen ya kumbura ya yi shiru. Mota tana iya shekaru da irin wannan. Ka ga ke nan ƙarar da zafi ke ragewa da wadda zafi ke ƙarawa ba hukuncinsu ɗaya ba. Ta biyun ce ba a tuƙi da ita, domin kwanrod ɗin da ya rasa metal yana iya tsinkewa ya huda bulok ya leƙo waje.

Doguwar sukudireba ita ce abin saurare. A ɗora bakinta a jikin inji, a manna kunne a ƙotar, a bi wuri-wuri, ana kiyaye fanka da fanbel. A nan ne ake kama maƙaryatan ƙara, kuma suna da yawa. Gasket ɗin manifol na salansa da ya fashe yana yin tas-tas ɗin da ake rantsewa bawul ne. Famfon ruwa ko altaneta da boris ɗinsa ya mutu yana gurnani. A cire fanbel a tayar da inji na ɗan daƙiƙu, in ƙarar ta tafi to ba a ciki take ba. Kusoshin filawil da suka sassauta suna bugun da ba shi da maraba da na manyan metal. Sarƙar taimin da ta saki tana karkaɗa a gaban inji. Sannan ga ƙarar nan ta ƙaran-ƙaran da ake ji idan an taka mota a babbar giya, wadda ba ta wuce taimin da ya yi gaba da yawa ko fetur maras kyau, ko da yake in aka bar ta tana iya huda kan fistin.

Hayaƙi kowa ya san kalarsa, ba sai na daɗe a kai ba. Baƙi fetur ne ya yi yawa, aikin kafireta ne ko matatar iska. Shuɗi baƙin mai ne ke ƙonewa. Fari mai kauri da ba ya yankewa bayan inji ya yi zafi ruwa ne. Abin da ake mantawa shi ne lokacin da shuɗin ke fita. In da tayarwar farko ne, ko bayan an gangaro tudu ba a taka totur ba sannan aka taka, man ta saman bawul yake zurarowa, aikin kan inji ne kawai. In kuwa duk sanda aka taka mota da ƙarfi ne take turnuƙewa, a duba ringi. A buɗe murfin da ake zuba mai inji yana aiki: ɗan huci ba komai ba ne, amma in yana feso hayaƙi da ƙarfi, wuta tana tserewa ta gefen ringi zuwa ƙasa. Fulogi ma shaida ne. A jera su bisa tsarin silindarsu. Wanda ya jiƙe da baƙin mai ya tona asirin raminsa, wanda kuma ya fito tas fiye da 'yan uwansa, shi ne abin zargi, domin tururin ruwa ne ya wanke shi.

Duk wannan zato ne mai ƙarfi. Awo yana farawa ne da gejin kwamfireshan, ɗan agogon da ake ɗaurawa a ramin fulogi ya nuna iyakar matsin da fistin ke iya yi wa iska. A ganina duk bakaniken da zai ce a sauke inji bai ɗora wannan agogo ba, bai gama aikinsa ba, komai daɗewarsa a sana'a. Yadda ake yi yana da muhimmanci, don awon da aka yi ba daidai ba ya fi rashin awo ɓatarwa. Inji ya kasance da ɗumi, batir a cike, a cire fulogi duka huɗu, a kashe wutar kwayil, a danne totur har ƙasa, a murza sitata sau adadi ɗaya ga kowace silinda, a rubuta. Tsofaffin injunan fetur irin wannan masu lafiya sukan nuna wani abu tsakanin psi 130 zuwa 170, kuma abin da ya faɗo ƙasa da 100 yana da magana. Amma daidaito tsakanin silindar ya fi lambar kanta daraja: bai kamata ta sama da ta ƙasa su bambanta da fiye da kashi 10 cikin ɗari ba, ko kusa da haka. Tsayin gari ma yana taɓa lambar. A Jos, da ke sama da mita 1,200 daga tsayin teku, iska ba ta da nauyin ta Legas, don haka lafiyayyen inji zai nuna ƙasa da abin da littafinsa ya ce ba tare da ya yi laifin komai ba.

A ɗauka, a misali, an sami 150, 148, 95, 152. Silinda ta uku ce mai ciwo, saura a san ta ina iskar ke gudu. Sai a zuba baƙin mai kamar cokali ɗaya a raminta a sake aunawa. In lambar ta yi tsalle ta haura, ringi ne ko jikin ramin ya cinye, man ya toshe giɓin na ɗan lokaci. In ba ta motsa ba, iskar ta sama take fita, bawul ne ko gasket. Kafin a ɗora wa bawul laifin ƙonewa kuma a duba tazararsa, tunda wanda aka ɗaure da yawa ba ya rufewa, kuma sassauta shi kawai yana iya dawo da lambar. In silinda biyu maƙwabtan juna suka faɗi tare, kusan kullum gasket ne ya ƙone a tsakaninsu. In duka huɗun suka yi ƙasa daidai wa daida, ko dai tsufa ne ya ci su baki ɗaya, ko taimin ɗin kamshaf ya goce. Da agogo ɗaya da cokalin mai an raba aikin kwana biyu da aikin wata guda.

Wanda ke da kwamfiresa ta iska, ko maƙwabcinsa mai faci ne, yana iya ƙara mataki. A kawo fistin ƙololuwar samansa lokacin da bawul biyu ke rufe, a sa mota a giya a ja birkin hannu, a hura iska ta ramin fulogi, a saurara. In ana jin shuuu a bakin kafireta, bawul ɗin shiga ne. In a bakin salansa ne, na fita ne. In ta murfin zuba mai ne, ringi. In kumfa ta taso a bakin lagireto, iskar ta sami hanya zuwa ruwa. Yanzu kuma ga 'yar kyamarar nan mai igiya da ake jonawa a wayar hannu. Ana zura ta ta ramin fulogi a ga kan fistin da jikin silinda, a ga ko akwai karce, tsatsa ko ɗigon ruwa. Abin da da sai an cire kan inji ake gani, yau mai mota yana iya kallonsa a tsaye.

Gejin kwamfireshan ba ya faɗin komai game da metal. Injin da karanshaf ɗinsa ke gab da cinyewa yana iya ba da lambobi masu kyau. Wannan ɓangaren sai baƙin mai. Jar fitilar mai da ke gaban direba ba abin dogaro ba ce, ba ta kamawa sai matsin ya kusa ƙarewa. Ana cire ɗan makunnin da ke kunna ta a ɗaura geji na gaske a gurbinsa, a jira inji ya yi zafi sosai, don mai mai sanyi yana da kauri, yana ɓoye aibi. Tsohon lissafin makanikai shi ne kimanin psi 10 ga kowane juyi dubu a minti. In matsin yana da kyau da sanyi, da zafi kuma ya zube a silo har fitila tana ƙyaftawa, giɓin metal ya buɗe, ko famfon mai ya gaji, ko rariyar da yake tsotso ta cikinta ta toshe da dauɗa. Masu sayar da tsofaffin motoci sun san wannan sarai, shi ya sa ake cika inji da mai mai kaurin gaske kafin mai saye ya iso. Duk wanda ya je sayen mota ya tarar an riga an ɗumama ta, ko ya ga man yana bin sandar awo da ƙyar, ya ce zai dawo gobe da sassafe, ya tayar da ita da hannunsa, ya kuma tuƙa ta har ta yi zafi.

Man da aka juye shi ma a dube shi a rana cikin faranti mai tsabta. A yanka tsohuwar filta a baje takardarta. Ƙyalli-ƙyalli mai launin tagulla ko fari alama ce metal yana cinyewa. A kawo maganaɗisu: abin da ya manne baƙin ƙarfe ne, daga ringi, silinda, kamshaf ko karanshaf, abin da ya ƙi mannewa daga metal ne ko fistin. In man yana warin fetur kuma yana ƙaruwa a kan sandar awo maimakon raguwa, a duba famfon fetur da ke manne a jikin inji, robarsa in ta huje tana zubar da fetur cikin mai kai tsaye, ya tsinka shi. Ƙaramin gyara ne, amma rashin yin sa ya kashe injuna masu yawa.

Ruwa ne ainihin inda 504 ta bambanta da wasu motocin. Fistin ɗinta ba a cikin ramin da aka huda a jikin bulok yake gudu ba. Kowane yana da nasa bututun ƙarfe, silif, wanda ake zarewa a sa sabo, ruwan sanyaya inji yana zagaye shi kai tsaye, a gindinsa kuma akwai abin toshiya da ke hana ruwan gangarawa cikin mai. Wannan ƙira ce ta sa injin yake da rai bakwai, tunda ana iya sabunta shi da silif, fistin da ringi ba tare da an taɓa bulok ba, kuma har yanzu ana neman kayan a wurare irin su Panteka a Kaduna da Ƙofar Ruwa a Kano. Amma ita ce kuma ke ruɗa mai bincike. In aka ga mai ya koma kalar shayi da madara, kowa gasket yake cewa. Sau da yawa haka ne. Sai dai ruwan yana iya shiga ta gindin silif, ko ta kan injin da ya tsage ko ya lanƙwashe bayan ya sha zafi, tunda alminiyom ba ya jure abin da baƙin ƙarfe ke jurewa. A canza gasket sau uku, man ya ci gaba da yin fari. Hanyar rarrabewa ita ce a cire kaskon mai na ƙasa, a matsa wa lagireto iska da ɗan famfo, a haska tocila daga ƙasa a ga inda ɗigon ke fitowa. Akwai kuma wani shuɗin ruwa da ake gwadawa a bakin lagireto, wanda ke komawa rawaya in hayaƙin ƙonewa yana shiga ruwa. In ya canza kala, matsalar a sama take. Ɗan farin kumfa a ƙarƙashin murfin mai kaɗai, a motar da ba ta tafiya mai nisa, yana iya zama raɓa ce kawai.

Laifin yawancin wannan namu ne. Muna zuba ruwan rijiya ko na burtsatse tsurarsa a lagireto shekara da shekaru, ba maganin hana tsatsa, ya yi ta cin alminiyom da mazaunin silif. Muna cire tamostat mu jefar da sunan ƙasarmu da zafi, inji ya riƙa daɗewa bai kai zafin aikinsa ba. Ƙurar hunturu kuma, in matatar iska ta yage ko an cire ta, tana shiga ta goge ringi da silinda a hankali. Shi ya sa tambayar mai mota tana cikin bincike: yaushe ta yi zafi har ta tafasa, an taɓa shiga ruwa da ita da damina, man ya taɓa ƙarewa a hanya? Motar da ta shaƙi ruwa ta kafireta ta mutu nan take, aka kuma matsa mata da sitata, tana iya lanƙwasa kwanrod, domin ruwa ba ya matsuwa. Alamarsa silinda ɗaya mai ƙarancin kwamfireshan wadda mai bai gyara ba, iska kuma ba ta tsere ta ko'ina ba.

Motar da ta yi shekaru a ajiye, irin wadda ake gada a garejin mahaifi, hukuncinta daban ne. Kada a kawo batir a murza. A cire fulogi, a zuba ɗan mai a kowane rami, a bar shi ya kwana biyu, a juya karanshaf da sifana a hankali. In ya zagaya sumul, a canza mai da filta da tsohon fetur. In ya cije a wuri ɗaya, kada a tilasta, wataƙila bawul ne ya maƙale a buɗe ko tsatsa ta kama ringi. Awon farko a irin wannan inji yakan fito da muni, saboda ringi sun manne a raminsu, kuma sau da yawa suna sakin jiki bayan inji ya yi aiki ya ɗauki zafi 'yan lokuta. A sake aunawa kafin a yanke masa hukunci.

Idan awon ya nuna lallai sai an buɗe, an riga an san ta inda za a shiga. Bawul ko gasket, kan inji kawai za a cire. Metal, ana iya fara dubawa ta ƙasa, a auna karanshaf a ga ko zai karɓi sabon metal yadda yake ko sai an kai shi an goge an sa mai kauri. Mai mota ya nemi a ajiye masa duk abin da aka cire, a jere, kowane da lambar silindarsa, don yanayin cinyewar tsohon metal shi ke nuna ko rashin mai ne, ko datti, ko kwanrod ne ya karkace, kuma in ba a gano sanadin ba sabon ma haka zai bi. Ga masu 504 akwai ƙarin kashedi biyu. Kan injin ba a fizge shi sama kai tsaye, ana girgiza shi gefe ne har ya rabu da gasket, don kada ya ɗago silif tare da shi. Bayan an cire shi kuma, ba a juya karanshaf sai an danne silif ɗin huɗu da wasa da kusoshi. In aka juya haka nan, fistin zai tura silif sama, toshiyar gindinsa ta motsa, injin da gasket kaɗai yake buƙata ya koma yana zubar da ruwa cikin mai, a dawo a sauke shi gaba ɗaya.